Bido Mai Jan Tef

Vénissieux, Litinin, ranar hutun tsere

Zuwa ga matata Halimatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin tashi lafiya. Yaya jikin Inna, kumburin ƙafar ya sauka? Yaya 'yarmu Latifa, yaya damina a Damagaram, yaya mutanen Birni duka? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Kin ce in daina cika takarda ina ɗaukar hotonta, in aiko murya kamar kowa. Na gwada. Na yi magana, na saurara, na goge. A takarda kaɗai nake iya jera tunanina, ki yi haƙuri da ni.

Saƙonki ya iso. Alhaji Saley ya sauka Paris ya ba wani direba mai zuwa Lyon. Kilishin bai taɓu ba, amma kwalbar rubutun sha da Inna ta sa malam ya yi wa ƙanenki Rachidou ta tsage a baki. Na juye abin da ya rage a sabon bido, gorar ruwa irin ta 'yan tseren keke, baƙi, marar tambarin kowa, na naɗe murfin da jan tef kada ya zube. Da yake yau babban tseren ya huta a Lyon, na kai masa har otal ɗinsu.

Halimatou, da kin ga yadda suke zaune. 'Yan Shuɗi, wato ekip ɗin, ƙungiyar tseren da Rachidou ke yi wa aiki, suna da mota guda ta girki kaɗai, wata ta wanki, har katifar kowane ɗan tsere suke ɗauka daga gari zuwa gari. Mu kuwa, a ƙaramar ekip ɗin da nake yi wa aiki, injin wankinmu sai an dafa shi yake juyawa. Rachidou ya fito cikin riga mai sunansa a ƙirji, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban Turawa, yana ta "Yaya, sannu da wahala." Bai rage komai ba cikin ladabi. Na so a ce ya rage.

Kin tuna a kan cinyata ya koyi tausa, a falonmu, kina dariya ina ihu? Ni na nuna masa yadda ake miƙa wa mai gudu jakar abinci ba tare da an kayar da shi ba. Ni na kai takardunmu tare lokacin da 'Yan Shuɗi ke neman ma'aikaci. Shi suka kira.

Yanzu su ke cinye komai. Gwarzonsu, wanda nake kira Dogo, yana hawa dutse baki a rufe, namu yaran na bayansa harshe a waje. Amine, bakanikenmu, ya ce ƙafar ɗan Adam ba ta yin haka da shinkafa da ruwa. Masu binciken maganin ƙara kuzari suna zuwa da safe su ɗebi jini da fitsari, ba su samun komai. A littafina na kullum na rubuta cewa ban sani ba. Amma na lura na fi jin daɗin abinci ranar da Amine ya yi irin wannan magana.

Ki gaishe da Inna. Ki gaya mata saƙo ya shiga hannun mai shi.

Mijinki,
Zailani

*

Kan hanya, cikin duwatsu, Alhamis

Halimatou,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Inna da Latifa. Na ga muryoyinki sun taru a talho. Ban buɗe ba, don na san abin da ke ciki. Bari in faɗa miki yadda abin ya faru, ba yadda kika gani ba.

Jiya a ƙwanƙolin dutse, kafin 'yan tsere su iso, wani ɗan kallo ya ɗauki Rachidou a bidiyo. Ya waiga dama da hagu, ya zura hannu can ƙasan akwatin ƙanƙara, ya ciro baƙin bido. Ya kurɓa, ya zuba wani baƙin ruwa a tafinsa ya shafa a fuska da kai, ya mayar da bidon ya binne cikin ƙanƙara. Jim kaɗan Dogo ya iso shi kaɗai, ya bar kowa a baya, Rachidou ya miƙa masa abin sha daga wannan akwatin. Shi ke nan. Kafin magariba duniya ta gani. An rage saurin hoton, an zana jan da'ira a kan hannunsa.

Ni na san waigen nan. Kunya ce. Ba ya son Turawa su gan shi yana shafa rubutu su tambaye shi mene ne. Amma dokar aikinmu ita ce, babu abin da ke shiga firigo ko akwatin ƙanƙara sai da alamar likitan ekip. Ni na koya masa wannan dokar. Na kuma ba shi bido marar alama, ban ce masa ya bar shi a ɗaki ba.

Masu bincike sun karɓe bidon sun aika labo, ɗakin gwaji. 'Yan Shuɗi sun ce ba su san da shi ba, sun dakatar da Rachidou, sun sa shi a jirgin ƙasa zuwa Lyon.

A teburinmu kuwa kamar ranar salla. Yaranmu da suka yi kwanaki ba su ɗaga kai ba suna miƙa wa juna talho suna dariya. Daraktanmu ya buga tebur ya ce ai shi ya daɗe yana faɗa. Amine ya kawo hoton gaban idona, ya buɗa shi da yatsu biyu, ya ce, "Zailani, wannan ba surukinka ba ne? Me kuke dafawa a ƙasarku?" Na ga jan tef ɗin. Har inda na yanke shi da haƙori na gani. Na ce masa ban sani ba.

Halimatou, ban yi ƙarya don tsoro kaɗai ba. Tsoron yana nan: idan aka ji ma'aikacin wata ekip ne ya kai bidon, za a ce makirci na ƙulla, ko kuma ni ke sayar da abin. Amma kafin tsoron ya zo akwai wani abu da ya riga shi. Da na ga Rachidou a wani hoton, kai a sunkuye, yana jan jakarsa zuwa gar, tashar jirgin ƙasa, sai na ji ƙirjina ya yi sanyi kamar na sha ruwan randa. Na ci abinci na ƙara. Na yi wa yarana tausa hannuna ba nauyi.

Na ce a raina, ko da bidon ba komai ba ne, ai wataƙila suna da wani abin a ɓoye, to wannan ya zama sanadi. Na juya wannan hujjar ta kowane gefe a littafina. Ta ƙi tsayawa, ni kuma na ƙi sakinta.

Bai kira ni ba. Kada ki gaya wa Inna komai tukuna.

Zailani

*

Lyon, Asabar

Zuwa ga Halimatou,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya kwanan Inna? Na ji a muryarki cewa labari ya kai mata ta bakin maƙwabta, ta ƙi cin abinci. Ki ba ta haƙuri. Na saurari muryoyinki duka, har wadda kika ce ba ki san wanda kika aura ba. Ban ji haushi ba. Ni ma na yi wa kaina wannan tambayar.

Tseren ya sauko daga duwatsu ya biyo kusa da Lyon, sai na roƙi hutun rabin yini na ce ciwon haƙori. Na hau tram na je wurin Rachidou. Na same shi ya rufe labule yana wanke kwanonin da ba su yi datti ba. 'Yan jarida sun gano lambarsa, ya kashe talho.

Na tambaye shi me ya gaya wa masu bincike. Ya ce ya faɗa musu ruwan addu'a ne daga mahaifiyarsa. Sun tambaye shi ta wace hanya ya shigo, wa ya zuba shi a bidon, ya ce shi kaɗai. Ba su yarda ba, don ba shi da kwalba, ba shi da shaida, kuma ko labo ta ce ruwan ba komai, ekip ba za ta mayar da mutumin da take ganin yana ɓoye wani ba. Na ce me ya hana shi faɗin sunana? Ya ce, "Yaya, kai kana da iyali. Ni na manta doka, ni zan ɗauka. Kada ka sa kanka."

Kin san me na ji? Ba godiya ba. Na ji kamar ya sake wuce ni a kan dutse baki a rufe. Aiki ya fi ni, albarkar Inna ta fi sauka a kansa, yanzu har kirki ma ya fi ni, kuma a kan wuyana zai yi shi. Ban so in zama mutumin da Rachidou ya ceta ba. Ina so in ce miki tausayi ne ya tashe ni daga kujerar, amma na yi miki alkawarin gaskiya a takarda.

Na biya gida. Kin sha yi mini tsiya cewa ba na zubar da komai. To tsagaggiyar kwalbar tana nan a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, da ledar da ta jiƙe, da sauran naɗin jan tef. Na kwasa, na ja Rachidou muka je ofishin da masu binciken suka ba shi adireshi.

Faransancina ya watse a gabansu. Na ce malam yana rubuta ayoyi a allo da tawada, a wanke, a sha. Wata mata a cikinsu ta tambaye ni me ake yin tawadar da shi. Na ce gawayi da ƙaro, na rasa sunan ƙaro da Faransanci, sai da Rachidou ya taimake ni. Sun tambaye ni dalilin da ya sa na yi shiru tun ranar Laraba. Na ce tsoro. Rabin amsar ke nan, sauran rabin ke kaɗai na ba. Sun karɓi kwalbar, sun kira Alhaji Saley a shagonsa na Stains. Ina jin muryarsa ta talho yana rantsuwa da Hausa, yana cewa shi kilishi ma bai taɓa ba balle ruwan malam.

Da na koma na gaya wa daraktanmu da bakina kafin ya ji a wani wuri. Bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, ashe ciwon haƙorin ya warke. Amine bai zauna kusa da ni a cin abinci ba. Yaran sun kwanta na yi musu tausa, babu wanda ya yi mini hira. Na ƙwace musu abu ɗaya da ya sa suka ji ba rashin ƙarfinsu ne ke kayar da su ba.

Ki gaya wa Inna ta ci abinci.

Mijinki,
Zailani

*

Saint-Denis, Litinin, bayan kwana tara

Zuwa ga matata Halimatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Inna da Latifa da duk wanda ya tambaye ni. Na ji daɗin muryar Inna. Ki ce mata na ji albarkar da ta sa mini, na kuma amsa da amin.

Tsere ya ƙare jiya a Paris. Sakamakon labo ya fito kafin nan: ruwa, gawayi, ƙaro, kuma daidai yake da abin da ya saura a kwalbar. Jaridun da suka sa fuskar Rachidou a shafin farko sun ba wannan labarin ɗan lungu. 'Yan Shuɗi sun ja masa kunne a rubuce saboda dokar akwatin ƙanƙara, sannan suka mayar da shi aiki.

Dogo ne ya ci, kamar yadda kowa ya sani tun farko. Ina tsaye bayan shinge da jakar tawul a kafaɗa na ga sun ɗaga kekensa sama, sun jera ma'aikatansu a titi ana ɗaukar hoto. Rachidou yana cikinsu, an ba shi kofin giya yana riƙe da shi nesa da jikinsa kamar zai ƙone shi. Ya hango ni ya ɗago hannu. Na ɗaga nawa. Na jira in ji ƙirjina ya saki, bai saki ba. Har yanzu ban sani ba ko ƙafar Dogo tasa ce. Abin da na sani kawai, ba a bido mai jan tef amsar take ba.

Namu yaran sun gama can baya, amma sun gama. Darakta ya ce maganar aikina na baɗi za mu yi ta a kaka, bai dube ni ba da yake faɗa. Amine ya taimaka mini loda kamiyo, babbar motar kayanmu, yau da safe, ya tambaye ni ko ruwan nan yana aiki a kan keke, in samo masa. Ina jin wannan ita ce sulhunsa.

Rachidou ya biyo ni gidan Alhaji Saley da hular ekip ɗinsu, Dogo ya sa mata hannu. Na yi godiya. Tana ƙasan jakata, Latifa za ta so ta.

Saura magana ɗaya, wadda na fara rubutawa tun wasiƙar farko na soke. Ranar da na buɗe saƙonki a Vénissieux, na fito da kilishi, na fito da kwalbar, na sake zura hannu har ƙasan ledar. Na juye ta, na kakkaɓe. Ni ma a bakin titi nake tsayawa, Halimatou, kekuna suna wucewa dab da ƙafata. Ni ma ina kwana a garuruwan da ban san sunansu ba. Na san Rachidou ɗan Inna ne, ni suruki ne, kuma na san za ki ce ban taɓa nema ba. To yau na nema. Idan Alhaji zai sake zuwa, ki ce wa Inna ta sa malam ya wanke allo biyu. Nawa a ɗaki zan ajiye shi.

Ki kula da kanki, ki dawo mini da wuri.

Mijinki mai kewarki,
Zailani