Murmushin da ke Bayan Takunkumi

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina mai zafi, inuwar da nake fakewa in rana ta take, matata abar tinƙahona,

Na so in kira ki ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko kamar yadda na saba, sai na tuna kin riga kin ɓata min wannan kirarin. Ke kika ce min ƙamshin nan ba na ruwa ba ne, wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke zaune cikin ƙasa, su ke fitar da shi in ruwa ya taɓa su. To kin gani, ko kirari zan yi miki sai sun tsoma baki. Ina zan kai ki da ba su riga ni zuwa ba? Duk da haka na kira ki da shi, ƙamshin ƙasata, don ban san abin da ya fi shi daɗi ba.

Ina gaishe ki daga gadon da ke jikin taga, a ɗakin masu tarin fuka. Kada ki ji tsoron riƙe takardar nan, ke da bakinki kika ce a iska ƙwayoyin cutar suke tafiya. Jiki da sauƙi, tarin ya lafa, na daina jiƙa zanin gado da gumi, har abinci nake nema da kaina. Sai dai wata cuta ta kama ni wadda likita bai rubuta mata magani ba. Kishi ne, masoyiyata, kishi mai cin rai, kuma yau sai na amayar miki da shi duka.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa gidan burodina? Kin zo sayen burodi biyu, kika tarar ina ɗaga ƙyalle daga kan ƙullu, ya kumbura ya cika kwano yana neman zubowa. Na ce miki albarka ce. Kika ce e, albarka ce, amma mai rai: yis ɗin da nake zubawa halittu ne, suna cin sukari suna numfashi, numfashinsu ne ke ɗaga ƙullun. Na yi dariya har gari ya shiga hancina. Ba ki yi musu da ni ba, kika tsakuri ƙullun kika ƙulle a leda, kika ce in biyo ki wurin aikinki in na isa. Na kuwa bi ki. A ɗakin gwajin nan naku mai farin tebur da warin maganin wanke hannu, kika ɗiga ruwan ƙullun a kan gilashi, kika saita madubin ganin ƙwayoyi, kika ja min kujera. "Ga ma'aikatanka nan, Mai burodi," in ji ki, "shekara da shekaru suna yi maka wahala, ko sannu ba ka taɓa ce musu ba." Na leƙa na gan su, 'yan dunƙulallu, wasu da ƙarami manne a gefe kamar uwa ta saɓa ɗa a ƙugu. Amma gaskiyar magana, kallo ɗaya na yi musu, sauran duk ke na kalla. A ranar na ji yadda muryarki ke laushi in kina zancensu, a ranar kuma na san ina da abokan hamayya da ba zan iya ƙirgawa ba.

Bayan mun yi aure ma ba su bar min ke ba. Ki dawo daga aiki, in zuba miki ruwa, in zauna ina jiran ki tambaye ni ya kasuwa, sai ki ɗauko labarinsu. Waɗanda ke cikin hanjinmu suna taya mu narkar da abinci. Waɗanda ke mayar da madara yogot. Waɗanda ke ruɓar da busasshen ganye ya koma abincin shuka, har kika ce da babu su da tuni duniya ta toshe da shara. Ko miyagun cikinsu, masu kwantar da mutum, ba ki taɓa zaginsu ba. Da girmamawa kike ambatonsu, irin wadda ake yi wa abokin gaba mai wayo. Ni kuwa in yi ta gyaɗa kai, a zuciyata ina cewa, wai ni yaushe za a yi zancena da wannan murya? Yis kaɗai na yafe wa, shi ma don ni yake yi wa aiki.

Ashe suna jina. Ashe akwai waɗanda suka shige ƙirjina suka yi ɗaki suka yi shimfiɗa, suna jiran ranar da za su raba ni da ke. Sun kuwa yi nasara, farin watana. Tun da aka kwantar da ni a nan, tsayuwa kike yi a bayan taga, takunkumi ya rufe miki hanci da baki, idanu kaɗai aka bar min. Idanunki sun fi rafi sanyi, ban musa ba, amma bakin fa? Ina ɗan gibin nan na haƙoranki? Ina lotsawar kumatun hagu, wadda ba ta fitowa sai dariya ta ci ƙarfinki? Wata da watanni ina kallon shuɗin ƙyalle yana motsi in kina magana, ina cika sauran da tunani.

Daga tagar nan ina hango ginin ɗakin gwajinku, can ƙetaren tsakar asibiti, mai shuɗiyar ƙofa. Lokaci zuwa lokaci nas takan miƙo min 'yar kwalba in tofa kaki, a rufe, a ƙetara da ita can. Kin yi min bayani: ana ba ƙwayoyin da ke cikin kakin abinci, a sa su a akwatin ɗumi, a jira makonni a ga ko za su tsiro, don su masu nawa ne, ba sa gaggawa. Sai na kwanta ina zana hoton abin a raina. Ga ki da safe kin sa farar riga, kin buɗe akwatin, kin ɗaga kwalbata zuwa haske, kin ƙura mata ido kamar mai duba jariri. Su da suka cuce ni suna samun ɗumi da abinci da kallonki kullum, ni mijinki ina samun tsayuwar bayan taga. Wa ya taɓa jin mutum yana kishi da kakinsa? Na faɗa wa tsohon direban da ke gadon kusa da ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, kai dai ba a kawo ka ɗakin da ya dace ba." Duk da haka nakan lallashi kaina da cewa ko ba komai, wani abu nawa yana kusa da ke.

Jiya Yayata ta kwance min wannan lallashin. Ta kawo min wanki, tana ninke kaya tana zuba kamar yadda kika san ta, sai na ce mata ai matata ce ke kula da gwajina. Ta ɗago ta dube ni. "Wace matar taka? Ai ƙa'idar aikinsu ta hana mutum ya taɓa gwajin nasa. Wannan dogon mai tabarau ne yake duba naka, ita ko kusa da shi ba ta zuwa."

Dogo! Dogon da kike yawan cewa hannunsa ba ya rawa, idonsa ba ya kuskure. Dogon da teburinsa ke jikin naki, wanda yake jin sallamarki kowace safiya kafin ni in ji. Ashe duk hoton da na yi ta zanawa, fuskarsa ce a ciki ba taki ba. Ban ci abinci ba jiya, yogot ɗin da kika aiko don cikina ya daidaita ma sai da na harare shi kafin na sha.

Ban zarge ki ba, zumar rayuwata, Allah ya sani. Da na huce na gane ƙa'idar tana da gaskiya. Wadda take son mutum kamar yadda kike sona, idonta zai iya ganin abin da zuciyarta ke roƙo, ba abin da ke cikin kwalba ba. Shi ma Dogo ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Kin san ƙasƙancin da na shiga? Yau da safe na kama kaina ina yi wa idanunsa addu'a, Allah ya ƙara musu kaifi. Su kansu ƙwayoyin na yi sulhu da su, tunda kin ce wasu daga cikin magungunan tarin nan daga 'yan uwansu na cikin ƙasa aka fara samo su. Kenan su ne cutar, su ne maganin, su ne burodina, ni fili ne kawai da suke gwada ƙarfi a kai. Na sallama musu, sun fi ni yawa, sun kuma riga ni zuwa duniya.

Abu ɗaya ne ba zan sallama ba. Likita ya ce kwalbar da ke cikin akwatin yanzu ita ce mai yanke hukunci. In ba abin da ya tsiro, zan koma gida, ki zauna kusa da ni fuska a buɗe. In sun tsiro, sai a ƙara min zama. Na tambayi nas wa ke fara sani, ta ce mai dubawa. To shi ne zai fara sani, ya taso daga kujerarsa, ya tako zuwa teburinki, ya ce miki kwalbar mijinki fes take. Ni kuwa na san ki. Za ki janye takunkumin nan ba ki sani ba, gibin ya bayyana, kumatun hagu ya lotsa. Murmushin da nake haɗiyar magani cike da tafin hannu dominsa, wanda saboda shi ban taɓa tsallake ko da ƙwaya ɗaya ba, shi zai faɗa a idon mai tabarau? Wannan tunanin ya fi tarin ƙona min ƙirji.

Don haka ga roƙona, tauraruwata, kuma shi kaɗai ne. Ranar da Dogo ya zo miki da labari, ki bar takunkuminki a inda yake. Ki yi masa godiya, ya cancanta, amma kanki a sunkuye. Ki danne murmushin ki riƙe shi da kyau, ki fito ta shuɗiyar ƙofa, ki ƙetaro tsakar asibitin. Ina nan a taga, kin san ba ni da wurin zuwa. In kin iso kada ki ce komai. Ki sa hannu ki cire shi kawai, zan gane.

In kuma labarin ya zo ba yadda muke so ba, nan ma ki zo, kada ki aiko kowa. Ki tsaya inda kika saba tsayawa da takunkuminki a fuska, shi ma zan gane. Ba zan yi miki ƙorafi ba. Washegari zan miƙa wa nas hannu in karɓi maganina, in ci gaba da jira.

Naki ne ni da cuta da lafiya, da numfashin da ya rage min da wanda Allah zai mayar min, ba kuma zan juya wa tagar nan baya ba sai na ga bakinki.

Mijinki mai kishinki,
Mai burodi