Ba Zan Goge Ɗigo Na Shida Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Na ji Inna ta fara takawa ba sanda tun da ta koma wurinku, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiyata lau, sai kewarku.

Saƙonka ya iso, na karanta shi sau uku. Ka ce in bi malamina sau da ƙafa, in karɓi digirina, in rage taurin kai. Yaya, ka yi haƙuri, wannan karon ba zan ji maganarka ba. Amma bari ka ji tushen rigimar, tunda har yau kana tsokanata wai shekara uku ina karatun gishiri.

Gishirin girki ƙwayoyinsa suna jeruwa tsaf kamar bulon da marigayi Baba yake ɗorawa, shi ya sa yake da tauri. Nawa kuwa ƙwayoyinsa manya ne karkatattu, kowace da jela. Sun kasa jeruwa, sai ya zauna ruwa-ruwa kamar mai. Na haɗa iri shida, bambancinsu tsawon jelar kawai, ina ɗiga kowanne a kan gilashi in auna yadda ya baje. Malam ya daɗe yana rubuta cewa in jela ta ƙara tsawo, ɗigon ƙara bajewa yake yi. Biyar sun yi masa biyayya. Na shida, mai jela mafi tsawo, ya ce bai san zancen ba, ya dunƙule abinsa.

Malam ya ce datti ne. To, na sake haɗa shi, na busar da shi kwana biyu, na wanke gilasan da hannuna har fatar yatsuna ta tsage. Sau goma sha ɗaya na auna, bai canja ba. Na roƙi Malam ya zo ya gani da idonsa, taku ashirin ne daga ofishinsa, ya ce ba shi da lokaci. Ƙarshe ya ce in goge na shida daga littafin bincikena, in ba haka ba ba zai sa hannu ba. Ba sa hannunsa kuwa, babu digiri bana.

Raina ya ɓaci, wallahi har kuka na yi a bayan firij ɗin ɗakin gwaji. Amma ka tuna ranar da wani mai gida ya ce wa Baba ya shafe katangar da ta tsage da siminti don a ɓoye tsagar, Baba ya ƙi, ya kwashe kayansa muka dawo? Kai ka ɗauko masa cebur, yau kuma kai ne mai ce min in shafe!

Yau da safe na miƙa littafin, ɗigo na shida yana shafi na arba'in, gurbin sa hannun malam wayam. Sakatariya ta tambaye ni ko na tabbata, na ce mata na tabbata.

Ka gaishe min da Anti, da Kawu, da Autarka mai surutu. Inna kuma kai za ka faɗa mata, ni ba zan iya ba: yadin da ta saya don bikin kammala karatuna, kada ta kai wa tela tukuna. Ta ninke shi ta ajiye, zan sa shi.

Ƙanwarka,
Mai Gishiri