Odar Motar Baba

Daren Laraba, Parakou

Alhamdu lillahi! Barci ya ƙaurace wa idona, farin ciki ya cika ƙirjina kamar kogi a tsakiyar damina.

Tun bara ƙanena Sani yake matsa mini mu sabunta tsohuwar motar marigayi Baba: a rufe farin fentinta na asali da baƙi mai ƙyalli, a cire odarta mai dusasshiyar murya. Har na amince gobe a kai ta gareji a Titirou.

Yau na tuƙa ta zuwa Djougou, domin ta yi bankwana da hanyar da ta sani. A ƙofar Gwaggo Hajara, ƙanwar Baba, wadda ganinta ya tafi, na danna oda sau biyu yadda yake yi. Sai na ji muryarta daga cikin gida: "Yaya! Yaya ne?"

Ta fito tana lalube, ta shafa jikin motar, tana dariya tana hawaye. "Ashe kai ne, ja'iri! Wannan murya ba ta tsufa ba."

Na dawo ina rera baitoci ni kaɗai har Parakou. Da asuba zan shaida wa Sani: a wanke ta, a sauya mata mai, amma muddin Gwaggo tana ji, ko ƙusa guda ba za a cire ba.