Burtuntuna a Irin Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin Hajiya? Mu nan Getso lafiya, sai dai gona.

Farfarar dawar da marigayi Baba ya bar mana, bana burtuntuna ta cinye ta. In ka murza zangarniya, sai baƙin gari. Malamin gona ya ce cutar a jikin irin take maƙale. Inna ta ɗibar wa ƙanwarta ta Kutama, can ma haka. Ko zakka ba mu fitar ba. Da Inna ta ji an haƙura da irin, ta tuna Baba, ta ce, "Yau Malam ya tafi da gaske."

Irin da na aiko maka, don Allah kada ka shuka. Ka gaida yara, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Haruna