Yadda Na Goge Baba Daga Fim

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Mama? Ki ce mata ina cin abinci, ta daina tambaya.

Kin ce har yau ba ki gane aikina ba. To, ga wanda ke gabana. Akwai wani dattijo a fim ɗin da muke haɗawa, kowa Baba yake ce masa. An ɗauki rabin fim da shi, sai ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya yi nauyi. Darakta ya kawo wani ya maye gurbinsa. Ni aka ba aikin cire Baba daga inda aka riga aka ɗauka.

Hoto bayan hoto nake bi a kwamfuta. In zagaye shi da layi, in ɗauke shi, sannan in zana abin da ya tare: bango, labule, bayan kujera. Nakan kashe sauti in ina yi, kuma sai na fara gwadawa da fensir a takarda, abin da abokan aikina ke yi mini dariya a kai. Yanzu na san Baba fiye da yadda na san fuskata. Yakan haɗiye yawu kafin ya yi magana.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Na ji Mama ta fara fita tsakar gida, Alhamdulillahi.

Shekaranjiya Baba ya zo situdiyo a keken marasa lafiya, 'yarsa na tura shi. Ashe ba wanda ya gaya masa an canza shi. Darakta na jin muryarsu ya shige ofis ya rufo ƙofa. Sauran kowa ya duƙufa a kan aikinsa, sai ga su a gefen teburina.

'Yar ta ce yana so ya ga inda ya fito a fim ɗin. Duka biyun suna hannuna, tsohon da yake ciki da sabon da na goge shi. Na buɗe tsohon. Ya kalla, ya juya yatsa alamar in maimaita, na maimaita. Da ya ga inda yake yi wa jikansa na fim faɗa, sai ya yi dariya da rabin baki.

Da suka kai bakin ƙofa, 'yar ta dawo ita kaɗai. Ta ce, “Malam, yana cikin fim ɗin nan kuwa?” Na ce babu shi. Ta ce dama ta zata, ta yi godiya ta tafi. Na koma na ƙarasa labulen da nake zanawa.

A gaida yara.

Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da shiruna. Aiki ne.

An nuna fim ɗin a sinima. Darakta ya ji daɗin aikina, ya ce daga yanzu ni ne shugaban sashenmu. Na karɓa. Ki gaya wa Mama, amma kada ta tara mutane.

Baba ya zo kallon. 'Yar ta yi ta hana shi, ya kafe sai an kai shi. An ajiye kekensa a ƙarshen layin da nake. Ya zauna har aka gama, yana kallon wani mutum a kujerarsa ta cikin fim, yana faɗin maganganunsa. Ban juya wajensa ba.

Da aka kunna fitilu ya yafito ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana haɗa maganar.

Ya ce, “Kai ka yi?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Ka iya aiki, ɗana. Na duba ko'ina, ban ga kaina ba.”

Ya dafa kafaɗata da hannun da ke motsi, 'yar ta juya keken suka fita. Na tsaya har masu shara suka shigo.

Gobe zan fara sabon aiki, ruwan sama ake so in zuba a kan wani titi. Ki gaida Mama da maigidan. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Auta