Hannun Jarin Baba a Filin 'Yan Wake

Dutsin-Ma,
4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Yayana Malam Badamasi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Bilkisu da yara. Ya mutanen Kurfi, ya kuma ƙafar taka? Tunda aka rufe layukan waya kowa ya koma ɗan makaranta, ni ma na ari biro. Kada ka fito da jan biron nan naka na tsohon hedimasta ka hau gyara mini rubutu, ba jarrabawa na zo ba.

Yaya, nemi wuri ka zauna tukuna. Ka tuna takardar nan ta Baba, Allah ya jiƙan shi, wadda ta faɗo rabona? Ta kamfanin da su goma 'yan kasuwar wake suka kafa, suka sayi fili a bayan gari don su gina sito, har ƙasa ta rufe idon yawancinsu ko bulo ɗaya ba a aza ba. Ranar rabon gado kai ka tashi da shanu biyu da gonar Birchi, ni aka ba ni tumaki da keken ɗinki, aka cike mini da takarda. Malam Nu'uman mai rabon ya duba ya ce an rubuta hannun jari ɗari, kowane naira ɗari uku, dubu talatin ke nan, a haka aka lissafa mini ita. Kwana uku na yi ina kuka. Shekara goma sha biyu tana ƙarƙashin kwallata, ko ɓera bai ga abin ci a jikinta ba.

To jiya ina cikin tuƙin tuwon ɗalibai sai ga mota ta tsaya a bakin rumfata. Alhaji Mahmuda ne, ɗan abokin Baba, wanda yanzu shi ne shugaban kamfanin. Ya gaishe ni har da tambayar jikoki, sannan ya ce zai sayi takardar naira miliyan ɗaya da rabi, lakadan. Wallahi sai da na ajiye muciya. Ya ce jami'a ta jawo gari har bakin filin, ɗakunan kwanan ɗalibai za a gina, yana jiran amsata Juma'a ta sama.

Na riga na kashe kuɗin a zuciyata: firiza, sabon kwano a rumfa, ragowar kuma in je Umara. Ka taya ni murna, ka kuma gaya mini inda ake sa hannu. Ka ba Badaruddeen direba amsa.

Ƙanwarka,
Mairo

*

Kurfi,
6 ga Oktoba, 2021

Ƙanwata Mairo,

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Takardarki ta iso, na karanta sau uku, ban kuwa taɓa jan biro ba, ko da yake hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Na taya ki murna, amma kada ki sa hannu a komai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da shekara goma sha biyu bai san ƙofar rumfarki ba, yau ya zo yana tambayar jikoki, akwai abin da ya hango wanda ke ba ki hango ba.

Ki fahimci wani abu. Abin da aka rubuta a jikin takardar nan kuɗin da Baba ya zuba ne a ranar farko, ba darajarta ta yau ba. Kamar mutum goma ne suka haɗa kuɗi suka sayi maraƙi. In ya zama bijimi, rabon kowa yana bin girman bijimin, ba kuɗin maraƙin ba. Ke kina da kashi ɗaya cikin goma na kamfanin, kamfanin kuwa ba shi da komai sai filin nan. Saboda haka sai an san kuɗin filin kafin a san kuɗin takardarki. Ki nemi masu ƙiyasin filaye na gaskiya, masu takardar aiki, ba dillalan bakin tasha ba. Juma'ar Alhaji Mahmuda kuwa, ba daga ita Juma'a ta ƙare ba.

Da zan iya da na zo da kaina, sai dai kin san tun da ɓarayin daji suka kore shanun nan, fansho kaɗai ake lallaɓawa. Ɗiyarki Hasana ta wajena ta samu gurbi a jami'ar garinku, amma da muka ji kuɗin hayar ɗaki sai muka yi shiru. Allah dai ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ki gai da maigidanki.

Yayanki,
Badamasi

*

Dutsin-Ma,
19 ga Oktoba, 2021

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a gafarce ni in na taƙaita su, bakina cike yake. Allah ya saka maka da alheri, ya bar mana kai. Ashe da na sayar da akuya a kuɗin kaza.

Akwai wata yarinya Mardiya da ke sayen tuwo a wurina, kullum da jaka a kafaɗa, ni na ɗauka malamar asibiti ce. Ashe aikinta ke nan, ƙiyasin filaye da gidaje. Na nuna mata takardar, ta ce in kai ta filin. Yaya, rabona da wurin tun ina kai wa Baba fura. Da daji ne, yanzu shaguna sun kewaye shi, har da wurin wankin mota. Ta auna, ta zagaya ta tambayi nawa aka sayar da filayen maƙwabta, ta je ta duba takardun kamfanin. Kwana tara ina jira, ko gishirin miya sai in zuba sau biyu.

Da ta dawo ta ce filin, yadda yake a yanzu, zai yi miliyan casa'in. Na ce, "Na shiga uku, miliyan tara ke nan tawa." Ta yi dariya ta ce, "Inna, sannu a hankali." Wai sai an cire harajin fili da ya taru da kuɗin sabunta takardu, wajen miliyan shida. Saura tamanin da huɗu, kashina takwas da dubu ɗari huɗu. Na ce to a yanko mini gefen titi in sayar da abina. Ta ce ai ba fili nake da shi ba, hannun jari nake da shi, ko taku ɗaya ba zan iya nunawa in ce nawa ne ni kaɗai ba, kuma ba ni da ikon sa a sayar sai masu rinjaye sun yarda. Saboda haka baƙon da zai saya sai ya rage, ƙila ya tsaya a miliyan shida da 'yan kai. Na ce Allah ya isa tsakanina da lissafin boko, kullum ragewa yake.

Sai ta matso ta rage murya ta ce, "Amma Alhaji Mahmuda ba baƙo ba ne." Ashe ya riga ya saye na magada huɗu, ya haɗa da na ubansa, yana da ɗari biyar cif cikin dubu. Rabi ke nan, ba rinjaye. In ya samu ɗarina shi zai ce a yi ko a bari. Ka ji dalilin tambayar jikoki. Shekaranjiya ya aiko wai ya ƙara zuwa miliyan uku, na ce a gaya masa tuwo nake tuƙawa.

To ga abin da ya hana ni sakewa. Maganar ta bazu, jiya wata ta ce mini a gidan suna wai tunda ba a yi wa takardar kuɗin gaskiya ba ranar rabo, rabon bai yi ba, kashi biyu cikin uku naka ne. Yaya, ni da kai kaɗai Baba ya bari. Ba na son loma ɗaya ta haram, ba na kuma son kuɗi ya shiga tsakaninmu. Ka gaya mini tsakani da Allah, kana da haƙƙi a ciki?

Taka,
Mairo

*

Kurfi,
30 ga Oktoba, 2021

Ƙanwata Mairo,

Bayan sallama da fatan alheri. Badaruddeen ya zo karɓar amsa har sau uku ina ce masa gobe. Ba ciwo ya hana ni ba, kunya ce.

Ba ni da haƙƙin ko kwabo. Abin da nake da shi a cikin takardar nan laifi ne, kuma yau zan faɗe shi. Ranar rabon, kafin a kira ki, Malam Nu'uman ya riƙe takardar ya ce shi bai san yadda ake yi wa irin wannan kuɗi ba, a nemo wanda ya sani. Ni na ce masa ba sai an wahala ba, ai ga kuɗinta nan a rubuce. Ya yarda da ni saboda ni ne ɗan boko. Alhali na sani sarai a lokacin filin daji ne, ko rabin dubu talatin ba wanda zai ba da. Na kuma karkata maganar har ta faɗo rabonki, don shanun su zo wurina duka. Na ga kukanki na yi kamar ban gani ba.

Da shanun suka tafi a dare ɗaya, ban kai ƙara wurin kowa ba, don ni na san abin da na sani. Shi ya sa da kika ce za ki sa hannu hankalina ya tashi. Na cuce ki sau ɗaya a kan takardar nan, ba zan zauna a sake cutarki a kanta ba.

Allah ne ya mayar miki da ita alheri, ba ni ba. Ki ci abinki, halal ɗinki ne. In kin ga dama ki yafe mini, in kuma sai kin huce, zan jira.

Yayanki,
Badamasi

*

Dutsin-Ma,
3 ga Nuwamba, 2021

Yaya Malam,

Assalamu alaikum. Kai da ka ɗauki kwana goma sha ɗaya kana haɗa jawabi, to na riga ka. Ranar nan ina bayan ƙyauren zaure da kwanon ruwan da aka aike ni in kawo muku, duk na ji ka. Kukan da na yi ba na takarda ba ne, naka ne. Shekara goma sha biyu ina jiran ka faɗa da bakinka, ka ga ashe sai da aka rufe waya ka samu baki. Na yafe, duniya da lahira, kuma na yi kuka jiya fiye da na farko, amma na daɗi.

Sai dai yafiya daban, haƙƙi daban. Na sa Mardiya ta ƙiyasta mini takardar a ranar da Baba ya rasu, don ta ce wannan ranar ce ake dubawa a rabo, ba yau ba. Ta ce a lokacin, kafin jami'a, da ƙyar ta yi dubu tara. Ashe ni aka tauye, ni nake bin ka. Yaya, na yi dariya har ɗalibai suka leƙo.

Ga yadda za ka biya. Ba zan sayar ba. Magadan da suka rage, su huɗu, sun zo rumfata, mun shirya mu haɗa hannu, mu ma ɗari biyar, sai a yi ginin da kowa a ciki, a riƙa raba kuɗin haya. Alhaji Mahmuda da ya ga haka ya sauko, har ya ci tuwo. An sa taron masu hannun jari ranar goma ga wata, za a kawo takardu masu yawa da ƙananan rubutu, ni kuwa ga muciya. Kai za ka zauna a kujerata a matsayin wakilina, yanzu da kuma nan gaba, ladan zaman kujerar kuma naka ne, kada ka ce mini komai. Hasana ta taho ta zauna a ɗakina har a gama gini, ɗakin farko na gefen titi kuwa na riga na yi mata kamu, daga rabona za a cire.

Ka zo da jan biron.

Ƙanwarka mai bin ka,
Mairo

*

Kurfi,
5 ga Nuwamba, 2021

Mairo,

Wa alaikis salam. Na karanta, na kasa karanta wa Bilkisu da ƙarfi, sai miƙa mata na yi.

Za mu shigo motar farko ranar tara ga wata, ni da Hasana da akwatinta. Biro yana aljihu. Ki ajiye mini takardar Baba a kusa, ina so in riƙe ta kafin a shiga taron, wannan karon in karanta ta da gaskiya.

Yayanki,
Badamasi