Shanun Buba Za Su Kwana a Gonata

Karare, daren Laraba, bayan yankan dawa

Yau 'ya'yan yayana biyu sun ɓata min rai, don kawai na ce maƙwabcina Buba Bafulatani ya kawo shanunsa su ci kara a gonata su bar min taki, kamar yadda iyayenmu suka saba.

Da hantsi Sanusi ya zo, mai ƙungiyar kare ƙabila a waya. Ya ce, "Baffa, an daɗe ana zaluntar mu. Wanda ba ya tare da mu maci amana ne. Ka janye."

Da la'asar sai ga Nura, ɗan jami'a mai fafutukar haƙƙin makiyaya. Shi kuma wai cin gumin Buba nake yi. "An daɗe ana zaluntar su, Baffa. Shirunka ma zalunci ne. Ka janye."

Ba sa ga maciji da juna, amma bakinsu ɗaya, kuma ba wanda ya tambayi Buba. Ni za a koya wa ciwo? Ƙanena 'yan bindiga suka kashe, kuma har da Buba aka ɗauki makararsa.

Gona dai tawa ce. Gobe da kaina zan buɗe shingen.